Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Bita kan Auna Girgizar Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, shehunan malamai, injiniyoyi, jami'an agajin gaggawa da ɗalibai, a madadin masu shirya wannan taro ina yi muku barka da zuwa, tare da godiya ta musamman ga babban baƙonmu, wanda ya ajiye ayyukan da ke gabansa ya amsa gayyatarmu.

Ranka ya daɗe, idan girgizar ƙasa ta auku, abin da ake fara ji a labarai shi ne makinta. Makin yana nuna yawan ƙarfin da ya fito daga inda dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, kuma makin kowace girgiza ba ya canzawa daga wuri zuwa wuri. Charles Richter ne ya fito da ma'auninsa a Kalifoniya a 1935, bisa zanen da na'ura ke yi yayin da ƙasa ke motsi. Ƙarin maki ɗaya yana nufin motsin da na'urar ta rubuta ya ninka sau 10, ƙarfin kuwa kusan sau 32, wato girgiza mai maki 7 ta ninka mai maki 5 a ƙarfi kimanin sau 1,000. Da yake ma'aunin Richter yakan gaza idan girgiza ta yi girma ƙwarai, a 1979 Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka kawo wanda aka fi aiki da shi yau, mai lissafa faɗin tsagar, da nisan da duwatsun suka zame, da taurinsu. A kansa ne girgizar Chile ta 1960 take da maki 9.5, mafi girma da na'ura ta taɓa rubutawa.

Sai dai maki ba ya faɗin abin da ya sami jama'a, kuma a ganina nan ne hukumomi ya kamata su fi sa ido. Wannan aikin ma'aunin tsanani ne, wanda Giuseppe Mercalli na Italiya ya tsara a 1902, aka gyara shi a Amurka a 1931. Matakansa 12 ne, daga girgizar da kusan ba mai jin ta har zuwa wadda ke rushe kome, kuma ana tsayar da matakin ne daga abin da mutane suka ji da ɓarnar da ta sami gine-gine. Saboda haka girgiza ɗaya takan sami mataki daban-daban gwargwadon nisa, da zurfinta, da irin ƙasar wuri. A 1985 an yi mummunar ɓarna a birnin Meziko alhali cibiyar girgizar tana nesa da shi fiye da kilomita 300, domin an gina tsakiyarsa a kan laka mai laushi ta tsohon tabki, wadda ta ƙara wa motsin ƙarfi.

Kokenmu, ranka ya daɗe, shi ne a ƙara tashoshin auna girgiza, domin sai da tashoshi uku aƙalla ake gano cibiyarta, a kuma tallafa wa binciken ƙasa kafin a ba da izinin manyan gine-gine.

Yanzu ina gayyatar mai girma Minista ya buɗe mana wannan taro. Na gode.