Daga mutum 127 zuwa dubu hamsin da ɗoriya: labarin gudun fanfalakin New York

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan tsaya ku hasko wata gada a ranku, ta yi baƙi ƙirin kamar tururuwa sun rufe ta, amma mutane ne, ba motoci ba. Sunan gadar Verrazzano, a birnin New York na Amurka, kuma duk ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba haka ake rufe ta ruf, a bar wa masu gudun fanfalaki, wanda wasunmu suka fi sani da gudun yada ƙanin wani. Kilomita 42 da mita 195 ne a gabansu. A 2024 mutum 55,646 ne suka kai ƙarshe, a 2025 ma aka haura dubu 59. Toh amma ranar da aka fara wannan abin, wallahi da bas biyu zuwa uku za ka kwashe su gaba ɗaya.

Mu koma 1970, ranar 13 ga Satumba. Akwai wani mutum Fred Lebow, ɗan asalin Romaniya ne, Bayahude, yana yaro aka yi yaƙin duniya na biyu kuma Allah ya yi da sauran kwanansa ya tsira, daga baya ya faɗo New York ya shiga harkar ɗinki da sayar da tufafi. Shi ba wani gwanin gudu ba ne fa, kawai abin ne ya shiga ransa. Shi da abokinsa Vince Chiappetta suka shirya gasar a ƙarƙashin ƙungiyar New York Road Runners, kuɗin shiga dala 1 kacal, mutum 127 suka fito, kuma ba a kan titin gari aka yi ba, cikin lambun shaƙatawa na Central Park aka yi ta zagaye, a je a dawo, a je a dawo har tsawon ya cika. Mutum 55 ne suka gama. Wanda ya zo na ɗaya ma'aikacin kashe gobara ne, Gary Muhrcke, wanda ya kwana wurin aiki a daren, ya yi awa 2 da minti 31 da sakan 38. Kyautar ma agogon hannu ne masu araha da tsofaffin kofuna da aka sake wa fasali. Shi kansa Lebow ya shiga gudun, ya zo na 45. Masu yawo da yara a lambun da yawansu ba su ma san wata gasa ake ba.

Mace ɗaya ce tal a wannan rana, Nina Kuscsik, kuma ba ta gama ba saboda rashin lafiya. Ku riƙe sunanta. A lokacin masu ruwa da tsaki a harkar wasanni sun yi imani wai jikin mace ba zai ɗauki gudu mai nisa haka ba. Da aka zo 1972 aka ce to an yarda mata su shiga, amma sai dai su tashi minti 10 kafin maza, wato dai a nuna tserensu daban ne. Su shida ne. Ana ba da alamar tashi sai suka zauna a ƙasa abinsu, riƙe da kwalaye, suka jira minti goman nan ya cika cif sannan suka miƙe suka tashi tare da kowa. An ƙara musu minti goman a kan lokacinsu, amma dokar ba ta yi ƙarko ba daga nan, kuma Nina ɗin nan da ta kasa gamawa a 1970 ita ce ta zo ta ɗaya a mata.

Yanzu ga inda labarin ya juya, kuma ni a ganina duk wani girma da gasar ta yi daga nan ya samo tushe. Shekarar 1976, Amurka na bikin cika shekara 200 da samun 'yancin kai, shi kuma birnin New York yana cikin wani hali, a 1975 saura ƙiris asusun gwamnatin birnin ya tsiyace gaba ɗaya, an sallami ma'aikata, laifi ya yi yawa, mutane na tsoron shiga unguwar da ba tasu ba. A wannan yanayin ne wasu, irin su George Spitz da Ted Corbitt, suka kawo maganar a fitar da gudun daga lambu a bi da shi ta duka yankuna biyar na birnin, Staten Island, Brooklyn, Queens, Bronx da Manhattan. Shugaban yankin Manhattan na lokacin Percy Sutton ya mara musu baya. Lebow da farko bai ma yarda abin zai yiwu ba, don ka rufe tituna da gadoji a gari kamar New York ai ba wasa ba ne. Kuma niyyar sau ɗaya za a yi saboda bikin, shikenan.

Mutum 2,090 suka tashi. Bill Rodgers ya ci da awa 2 da minti 10 da sakan 10, amma ba shi ne babban labarin ranar ba. Jama'ar gari ne. Mutane suka fito ƙofar gidajensu, kan dakali, kan taga, wasu da ruwa a kofi suna miƙa wa wanda ba su taɓa gani ba kuma ba za su sake gani ba, kowace unguwa da kalar mutanenta da kiɗanta. Kaga abin da aka ce sau ɗaya za a yi, daga ranar ba a sake komawa zagayen lambu ba.

Bari in bi da ku hanyar don ku gane me ake nufi. Ana tashi daga Staten Island a hau gadar Verrazzano ɗin nan da muka ambata da farko, ga sanyin safiyar Nuwamba, shi ya sa mutane ke zuwa da tsofaffin rigunan sanyi su tuɓe su yar a wurin tashi, daga baya a tattara a ba mabukata. Sai a gangara Brooklyn, nan ne aka fi daɗewa, kusan rabin tafiyar. A ratsa Queens kaɗan, sai gadar Queensboro wajen kilomita 25, kuma duk wanda ya taɓa yin gudun nan sai ya ba ka labarin wannan gadar. Ba a barin 'yan kallo a kanta. Hawa ce, ƙafa ta fara nauyi, babu tafi babu kiɗa, ba abin da kake ji sai takun takalma da numfashin na kusa da kai. Sai kana saukowa ka fara jin wata ƙara daga nesa kamar ruwan sama na tahowa, kana shan kwana ka faɗa titin First Avenue sai ga mutane maƙil hagu da dama suna ihu suna kiran sunan da ka rubuta a gaban rigarka. Daga nan a nausa Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa har da 'yan zangon Ghana masu jin Hausa, kuma daidai nan wajen kilomita 32 ne abin da masu gudu ke kira bango yake tare mutum, wato kuzarin da jiki ya tara daga abinci ya ƙare, zuciya na so ƙafa ta ƙi. Wanda ya wuce nan sai Harlem, sai Fifth Avenue, sai a ƙare a Central Park inda aka faro tun 1970.

A 1978 Lebow ya gayyato wata malamar makaranta daga Norway, Grete Waitz, gwanar matsakaicin zango ce, ba ta taɓa yin fanfalaki ba a rayuwarta. Lambarta 1173, ko mai sanarwa bai san wace ce ba da ta tunkaro ƙarshe. Ta gama a awa 2 da minti 32 da sakan 30, ta kafa tarihin duniya a gwajin farko, kuma tsabar wahalar da ta sha ta cire takalmanta ta jefi mijinta da su ta ce ba za ta ƙara ba. Ta ƙara kuwa, sau 9 ta ci gasar tsakanin 1978 da 1988, har yau babu wanda ya kamo ta, mace ko namiji. Irin wannan ne ya sa bakin masu cewa mata ba za su iya ba ya mutu, a 1984 aka saka fanfalakin mata a gasar Olamfik.

Sai kuma zuwan 'yan Afirka. Ibrahim Hussein na Kenya ya buɗe ƙofa a 1987, Tegla Loroupe ita ma 'yar Kenya ta ci na mata a 1994, daga nan kuma kusan sai dai a ce yau Kenya gobe Habasha. Tamirat Tola na Habasha ne ke riƙe da tarihin hanyar a maza, awa 2 da minti 4 da sakan 58 a 2023, ita kuma Hellen Obiri ta Kenya ta karya na mata a 2025.

Sau biyu aka fasa. A 2020 saboda korona, wannan kowa ya sani. Na 2012 ne ya fi zafi, guguwar Sandy ta yi ɓarna, an rasa rayuka, Staten Island inda ake tashi tana cikin wuraren da abin ya fi shafa, mutane ba wuta ba wurin kwana, amma magajin gari Michael Bloomberg ya ce za a yi. Jama'a suka ce ina, ta yaya za a jibge janareto da ruwan sha don masu gudu alhali maƙwabta na cikin duhu? Saura kwana biyu aka soke. Ni dai ina ganin da tun farko aka soke da ya fi, don an riga an bar mutane sun taso daga ƙasashe sun kashe kuɗinsu. Abin da ya faranta min rai shi ne da yawa daga cikinsu ranar Lahadin suka ɗauki jakunkuna cike da kayan agaji suka shiga jirgin ruwa zuwa Staten Island suka raba.

Girman ya zo da tsadarsa kuma, gaskiya ɗaya ce. Dala 1 ɗin nan yanzu ta haura dala 250, kuma ko kana da kuɗin sai ka shiga ƙuri'a, a 2025 sama da mutum dubu 200 suka nema, waɗanda ƙuri'ar ta faɗa wa ba su wuce biyu zuwa uku cikin ɗari ba. Sauran sai dai ta wasu hanyoyi, kamar yin lokaci mai kyau a wata gasar, ko tara wa ƙungiyoyin jinƙai kuɗi.

Shi kuwa Lebow, duk shekarun nan yana cikin motar gaba yana ba da umarni, bai taɓa taka hanyar yankuna biyar ɗin da ƙafarsa ba. A 1990 likitoci suka gano yana da kansar ƙwaƙwalwa. Da ya ɗan samu sauƙi a 1992, yana da shekara 60, ya ce shi ma zai yi, Grete Waitz ta ce tana tare da shi. Matar da ta saba gamawa cikin awa biyu da rabi ta bi shi a hankali taku bayan taku har awa 5 da minti 32, suka tsallake layin ƙarshe tare suna kuka, ya durƙusa ya sumbaci ƙasa. Ya rasu a Oktoban 1994, ita ma kansa ce ta yi ajalinta a 2011. Akwai mutum-mutuminsa a Central Park, yana tsaye da hular hana sallah yana duba agogon hannunsa, kuma duk shekara idan gasar ta zo sai a ɗauko shi a kawo shi kusa da layin ƙarshe, yana nan har dare lokacin da na ƙarshe-ƙarshe ke shigowa, wasu da sanda, wasu bayan awa goma a hanya, ga mutane sun ƙi tafiya gida suna jiransu da tafi.