Jiha Ta Halatta Wiwi, Garuruwa Suka Ɗauki Kayan

Ranar 1 ga Janairun 2014, jama'a sun yi layi cikin sanyi a birnin Denver na jihar Colorado a Amurka, suna jiran a buɗe shagunan tabar wiwi. Ba ta magani ba, ta nishaɗi. Ƙuri'ar da aka kaɗa a Nuwamban 2012 ce ta ba duk wanda ya kai shekara 21 damar riƙe giram 28, ya kuma shuka tushe shida a gidansa.

Sai dai dokar ta bar wa kowane gari zaɓi, ko ya yarda a buɗe shago, ko ya ƙi.

Ku dubi Colorado Springs, birni na biyu a girma a jihar, mai cike da sansanonin soja. Ya ce a'a. A jikinsa kuwa akwai Manitou Springs, ɗan gari mai mutum kusan dubu biyar, wanda ya yarda da shago biyu. Me kuke tsammani? Mutanen babban birni sai su tuƙa mota na 'yan mintuna, su sayo, su dawo gida su sha. Hayaƙi a nan, haraji a can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara goma ana haka, har a Nuwamban 2024 mazauna birnin suka amince a sayar a cikinsa, aka fara a 2025.

Maganar kuɗi ita aka fi yayatawa. An ware dala miliyan 40 na farko daga harajin sari duk shekara don gina makarantu, kuma a 2021 abin da jihar ta tara ya haura dala miliyan 400. Kuɗi ne, ba a musu. Amma a gefen kasafin jiha na biliyoyin daloli ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma tun daga shekarar yake ja baya, saboda farashi ya karye, maƙwabciyarta New Mexico ita ma ta buɗe kasuwarta a 2022.

To, a ina ake noman? A Denver, cikin manyan sito ake yi da hasken lantarki, kuma da yawansu a unguwannin talakawa suke, irin su Globeville da Elyria-Swansea. Su ke kwana da warin, har birnin ya tilasta wa masu sito su kawo tsarin tace iska.

Ga kuma banki. Gwamnatin tarayya ba ta halatta wiwin nishaɗi ba, shi ya sa yawancin manyan bankuna ke gudun kuɗinta. Shago ya cika da tsabar kuɗi, ɓarayi kuma sun sani.

Yara ma abin ya shafe su. Ana haɗa ta cikin alawa da cakulan, ƙananan yara suka riƙa ci ba su sani ba, ana garzayawa da su asibiti. A 2017 jihar ta hana yin alawar da siffar dabba, mutum ko 'ya'yan itace.

Kamen 'yan sanda kan wiwi ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma rahoton jihar ya nuna cewa a 2019, idan aka auna da yawan kowane ɓangare, kamen baƙar fata ya ninka na farar fata fiye da sau biyu.