Ruwan awa ɗaya ne ke cinye kwalbati

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwana injiniyoyi da ku ɗalibai, barkanmu da war haka.

Idan aka tambayi manomi yaya damina, zai duba ruwan da ya samu ne daga shuka zuwa girbi. Mai zana kwalbati ko lambatu kuwa tambayarsa daban ce: milimita nawa ya zuba cikin awa ɗaya, ko cikin rabin awa? Ruwan marka da zai wuni yana yayyafi, ƙasa za ta shanye mafi yawansa. Wanda ke yi mana ɓarna shi ne hadarin nan da ke tasowa daga gabas da iska a gabansa, ya juye kamar da bakin ƙwarya, kafin ka ankara ya ɗauke.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi. Milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. A ce unguwa mai hekta 100 ta samu milimita 50 cikin awa ɗaya, lita miliyan 50 ke nan. Lokacin da wurin yake gonaki mai jigawa, a ce kashi 20 cikin 100 ne zai gangaro, wato kusan lita 2,800 a kowane sakan a bakin kwalbatin. Yau an yanka filaye, an rufa kwano, an dafe tsakar gida da siminti, an shimfiɗa kwalta. Kashi 80 ke gangarowa, lita 11,000 da 'yan kai a sakan. Sama ba ta ƙara ko ɗigo ba, kwalbatin kuma shi ne dai na da. Ga leda da yashi sun toshe rabinsa.

Sai batun da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. In mun ce mun zana gada don ruwan da ake samu sau ɗaya a shekara 50, ba cewa muke in ya zo bana an huta sai jikoki ba. Nufinmu, kowace damina akwai yiwuwar kashi 2 cikin 100 ya zo. Cikin shekara 30, yiwuwar ya zo aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 45. Maiduguri ta sha ambaliya a 1994, ta sake sha ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Kada wani ya lissafa tazarar ya ce saura shekara 30. Badi ma tana iya dawowa, Allah ya kiyaye.

To, daga ina muke samo waɗannan alƙaluma? Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana ɗaukar ruwa mafi ƙarfi na kowace shekara, na minti 15, na minti 30, na awa ɗaya, a jera na shekaru masu yawa, a fitar da jadawalin ƙarfin ruwa da tsawon lokacinsa da yawan dawowarsa. Amma galibin ma'aunan ruwan da muke da su sau ɗaya ake karanta su, da safe. Takarda za ta ce milimita 80 jiya. Cikin awa goma ya zuba ko cikin minti arba'in? Ba ta faɗa ba, kuma amsar ce ke yanke faɗin kwalbatin.

Ƙari a kan haka, yawancin bayanan da muke aiki da su sun ƙunshi shekarun fari na 1970 zuwa tsakiyar 1980. Waɗanda suka san Kano sun tuna madatsar Bagauda ta karye ne a Agustan 1988, ana fitowa daga farin nan. Binciken da aka wallafa a 2017 da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna yawan aukuwar manyan haduran ruwa a yankin Sahel ya ninka sau uku tun 1982. Wanda ya ɗauko jadawalin da aka fitar zamanin fari ya zana magudana yau, ƙarama zai zana, ko da lissafinsa bai da kuskure ko ɗaya.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Akwai ma'auni mai ɗan cokali a ciki da ke kifewa duk sanda ya cika, yana rubuta lokacin da kansa. A kafa irinsa a jami'o'i da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, a tura bayanan ga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a kuma buɗe su ga duk injiniyan da ya nema. Ku kuma ɗalibai, duk zanen da aka kawo muku ku sa hannu, ku nemi a nuna muku tashar da aka ɗauko ruwan, da shekarun da aka ɗauka, kafin ku duba kaurin rodi.