Ƙasa Mai Hannu da Ƙasar da Ake Ci: Lacca Kan Taswirorin Shaguɓe

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na shirya kan yadda masu zanen barkwanci suke mayar da ƙasa mutum, in lokaci ya bar mu.

Na farko, su wane ne mutanen? Ingila biyu gare ta. Akwai Britaniya, mace mai kwalkwali da garkuwa da mashi mai baki uku, wadda tun zamanin Rumawa aka fara sa ta kan kuɗi. Akwai kuma John Bull, ƙaton mai tumbi, wanda John Arbuthnot ya ƙirƙiro a 1712. In ana son a yabi ƙasar sai a fito da matar, in tsiya za a yi mata sai a kira mai tumbin. Faransa tana da Mariyan da jar hularta, Amurka tana da Uncle Sam mai gemun bunsuru, Jamusawa kuwa suna zana kansu a matsayin Michel, wani bawan Allah da hular barci a ka. Ku duba fa, mutane su zaɓi mai gyangyaɗi ya wakilce su! (dariya)

Na biyu, yadda ake cusa mutum cikin taswira. Ƙa'idar guda ce: ba a taɓa iyakar ƙasa. Mai zane yakan fara kwafe gaɓar teku da kan iyakoki daga taswira ta gaskiya, sannan ya nemi inda kai zai zauna, inda gwiwa za ta lanƙwashe. Italiya ba wuya, Allah ya riga ya yi ta kamar takalmi. Wahalar tana ga irin su Suwizalan da ba su da teku, ga ƙanƙanta, sau da yawa sai dai a sa musu wani ɗan abu. In aka ja iyaka don jiki ya yi kyau, mai kallo ya daina gane wurin, an tashi daga taswira. In aka bi iyaka sau da ƙafa, sai mutumin ya fito kamar wanda mota ta take. Paul Hadol ya iya wannan a taswirarsa ta 1870: Furushiya, babbar masarautar Jamusawa ta lokacin, ƙaton soja, gwiwa a kan Ostiriya, hannu a kan Holan, Ingila kuma tsohuwa a gefe tana riƙe da Ailan a igiya kamar kare. Bugun ma da aiki. A kan dutse ake zanen da alli mai maiƙo, a juye, kuma kowane launi da dutsensa. Takarda ta ɗan goce a bugu na biyu, sai ka ga jan Faransa ya kwarara cikin Jamus, mai ɗab'i ya ci ƙasa ba da yaƙi ba.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. A 1877, shekarar da Rasha ta shiga yaƙi da Daular Usmaniyya, wani Bature, Fred W. Rose, ya fitar da taswira a Landan. Kowa ya saba a zana Rasha a matsayin beyar, dabbar nan mai gashi. Rose ya ƙi. Ya zana ta a matsayin oktofus. Na ga wasu suna kallon juna. Ba laifinku ba ne, ba a kama shi a Tiga. Halittar teku ce mai kai guda da hannaye takwas masu mannewa. Me ya sa ya zaɓe ta? Beyar baki ɗaya gare shi, mutum ɗaya zai cafka a lokaci guda. Hannaye takwas kuwa, ɗaya ya shaƙe Folan, ɗaya ya nufi Finlan, ɗaya ya naɗe Farisa, wani yana lalubar Baturke. Baturken yana da agogon zinariya a jikinsa, agogon nan shi ne Istanbul. Girka kuwa ƙaguwa ce tana mintsininsa ta ƙasa. Kun ga, hannun oktofus ba shi da ƙashi, yana bin kowace kwana ta kan iyaka, wato ya warware matsalar da na faɗa ɗazu. Ba shi da ƙashi, na ce. Shi ya sa ya dace da taswira fiye da kowace dabba.

Amma dabarar ba ta da ubangida. A shekarun 1880 wani mai zane a Amurka ya ɗora kan John Bull a jikin oktofus, hannu ɗaya yana shirin sauka kan Masar. A 1904, ana yaƙin Rasha da Japan, wani ɗalibi Bajapane, Kisaburo Ohara, ya ɗauki taswirar Rose ya miƙa ta har Asiya, hannu ɗaya ya bi ta Manchuriya, arewa maso gabashin Sin. A shekarar dai mujallar Puck ta yi wa kamfanin man fetur na Standard Oil irin wannan zane. Kowa maƙwabcinsa ne oktofus. Ban san ƙasar da ta zana kanta haka ba, kamar yadda ba a jin mai cin bashi ya kira kansa mai taurin bashi.

Na uku... ko na huɗu ne? Na'am malama, ga hannunki a sama.

(Tambaya: Malam, mu Afirka da wace siffa aka zana mu?)

Kin rusa mini na huɗun, amma ya fi. Galibi ba a ba mu jiki ba. Dubi zanen Linley Sambourne a mujallar Punch, Disamba 1892: Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Ingila, tsaye, ƙafa ɗaya a Kef can Afirka ta Kudu, ɗaya a Alƙahira, yana riƙe da wayar tangaraho. Shi mutum ne har da bindiga a rataye. Nahiyar kuwa dandamali ce, ba fuska ko ɗaya. Sin ma haka ta sha a jaridar Le Petit Journal a Janairu 1898. Kek ce a kan tebur, Sarauniya Biktoriya da Kaisar Wilhelm na Jamus da Sarkin Rasha kowa da wuƙa, Bajapane yana nazarin inda zai yanka, Mariyan ba wuƙa, ta dafa kafaɗar Sarkin Rasha saboda ƙawancensu. Basine yana baya ya ɗaga hannu, ba mai kula shi. Don haka in an ba ki irin wannan zane, fara ƙirga masu hannu, sannan ki ga wa aka shimfiɗa. A nan gida sai da Akinola Lasekan ya fara zane a jaridar West African Pilot ta Azikiwe, yana sa hannu da Lash, sannan ɗan ƙasa ya riƙa fitowa da fuskarsa yana mayar wa mai mulki magana. An ce mini an kira salla, mu tashi.