Ɗumamar Yanayi da Ƙwarin Shinkafa

Akwai wata zangarniyar shinkafa da za ku gani a gona. Ta fito fara fat, in an murza ta babu ƙwaya ko ɗaya. Aikin tsutsar kara ke nan, ta huda ta shiga tana ci ta ciki, manomi bai sani ba.

Ƙwaro ba kamar mutum ba ne, zafin gari shi ne zafin jikinsa. Da zafi ya ƙaru, cinsa zai ƙaru, ƙwansa ya yi saurin ƙyanƙyashewa, kafin a yi girbi har ya ga jikokinsa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 1 na zafi, ɓarnar ƙwari a shinkafa da masara da alkama za ta ƙaru da kashi 10 zuwa 25 cikin 100.

Sai kuma damina da ta daina cika alkawari. Ruwa ya makara, wani ya dasa yau, maƙwabcinsa sai bayan wata guda. Wannan rarrabuwar ita ƙwari ke so, musamman ƙaramin ƙudan nan mai kama da sauro, wanda tsutsarsa ke mai da ganyen shinkafa ya koma kamar na albasa. Ya fi kama shukar da ta makara, kuma duk reshen da ya kama ba zai fid da kai ba. A 1988 ya yi wa manoman Najeriya mummunar ɓarna. A wurare irin Kura da Argungu kuwa, inda ake noman rani, abincin ƙwaro ba ya yankewa.

To, a ƙara feshi ke nan? A'a. Maganin da aka zabga ba lissafi yana kashe gizo-gizo da mazari, su ne kuwa ke cinye maɓarnatan kyauta. Indunusiya ta ɗanɗana kuɗarta: a 1986 sai da gwamnati ta hana fesa magunguna 57 a gonakin shinkafa, bayan feshin ya sa wani ƙwaro mai tsotse ruwan kara ya addabe su.

Manoman fadama ɗaya su haɗa baki su dasa lokaci guda. Bayan girbi a kaftar da kututturen shinkafa, domin nan tsutsa ke ɓuya. A riƙa zaga gona kowane mako ana duba kara. In feshin ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona, a yi shi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, ba kuma lokacin da hadari ya haɗo ba.