Kullen Korona da Maigidan da Bai San Gidansa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, 'yan'uwana maza da mata, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana a kan zaman iyali lokacin annoba, na kuma rubuto abubuwa huɗu a 'yar takardar nan, in Allah ya so za mu taɓa su kafin la'asar.

Na farko, mu tuna yadda abin ya zo mana. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka ce cutar ta shigo Legas, mu a nan muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne, zafin Kano ma ya ishe ta. Cikin Maris aka rufe makarantu. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, 16 ga wata aka kulle gari, 24 ga wata azumi ya kama, ya same mu a ɗaki. Kantin Kwari a rufe, Sabon Gari a rufe, har masallacin Juma'a. Daga baya aka sassauta Litinin da Alhamis a fita cefane, wanda ya je 'Yankaba a irin ranakun nan ya san turmutsutsun da aka sha.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne na biyun, maigida. Yaya magidanci yake rayuwa a garin nan? Da hantsi ya ajiye kuɗin cefane ya fita, sai bayan isha'i, a hanya kuma ya ɗan tsaya majalisa. Ya shigo yara sun yi barci. Shekara goma, sha biyar, haka yake. Rana ɗaya aka ce zauna. Sai ga mutum a tsakar gidansa yana tambayar ina ake ajiye ashana. [dariya] Alhaji da ke dariya a gaba, na san an taɓa ka.

Bari in ba ku nawa, don ni ma ban kuɓuta ba. Lokacin ana sa darasi a rediyo saboda 'yan makaranta. Na shimfiɗa tabarma na tara yara, na ce kowa ya ɗauko littafi. Sai na ga ɗana na uku, yana aji huɗu a firamare, ya kai littafin har kusa da hancinsa, yana runtse ido. Na ce kai, ja da shi baya mana. Ya ce, "Baba, in na ja ba na gani." Uwarsa tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ai sau biyu ina gaya maka." Wallahi ta gaya mini. Na tuna. Kullum ina sa takalmi zan fita take faɗa, ni kuma in ce to, za a duba. Yaron nan shekara biyu ina yi masa faɗa a kan sakamakon jarrabawa, ashe allo ne ba ya gani. Da aka buɗe gari muka je aka yanka masa tabarau. Har yau in na gan shi da shi sai zuciyata ta sosu.

Kuma ba ido kaɗai ba. A zaman nan maza da yawa suka fara sanin kwano nawa na shinkafa gidansu yake ci a mako, jarka nawa ake saya wurin mai ga-ruwa, gawayin nawa ake ƙonawa kafin a sauke tukunyar buɗa-baki. Kuɗin da kake ajiyewa kana ganin ka yi bajinta, ashe ita take cikawa da kuɗin adashinta, ba ta faɗa ba. Ka ga shara, wanke-wanke, wanki, rabon faɗan yara, tun asuba har dare, ga azumi a bakinta kamar kai. Mata, ƙarya na yi? To kun ji.

Sai sallar asham. Masallaci ba hali, dole maigida ya shiga gaba. Wani rabonsa da bita tun yana saurayi, ya kama sura ta kakare, sai 'yarsa 'yar Islamiyya ta ɗora masa daga baya. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Yarinyar nan ba za ta manta ranar da ta ja mahaifinta a karatu ba, shi ma ya san kuɗin makarantar bai tafi a banza ba. Akwai gidajen da tun daga lokacin ba su bar karatu tare bayan magariba ba.

Na nawa muke? Na uku ko? Lokaci ya ja, bari in haɗa su. Biki: an ɗaura aure da mutum kaɗan, ba kamu ba dina, aure kuma ya ɗauru. Ƙaramar salla ta zo 24 ga Mayu ba hawa. Ba wanda ya tafi Hajji daga nan a shekarar. Almajirai an kwashe su an mayar jihohinsu. Sai rashin dattawa da muka yi a Afrilun nan, mutum ya rasa kawunsa ya yi ta'aziyya ta waya. Allah ya jiƙansu.

Na'am, Hajiya? Ɗaga murya kaɗan.

[Wata mata ta ce Malam yana magana kamar kowa yana da tsakar gida da abinci a ajiye, alhali su ɗaki ɗaya suke haya, mijinta ɗan adaidaita sahu ne.]

Gaskiyarki, Hajiya, na karɓi gyara. Wanda sai ya fita zai samu na tuwo, kullen nan yunwa ce a wurinsa, ba zaman sanin iyali ba. Tallafin da aka yi ta faɗa a rediyo, gidaje da yawa labarinsa kawai suka ji. A unguwarmu na ga matar da ta fitar da kwanukan jerenta ta sayar, na ga wadda ta cire ɗan kunnenta. Na kuma ga kwanon abinci yana tsallaka katanga daf da shan ruwa, ba a ma so a san daga wane gida ya fito. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya cikin zafin Afrilu, ba wuta, rai ya ɓaci, an yi faɗa, wasu auren ma ba su kai salla ba. Wannan ke kika zauna a cikinsa, kin fi ni saninsa. Ku miƙa mata abin maganar ta faɗa da bakinta, na huɗun nawa ya jira.