Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaki Mai Taya da Kamun Kifi a Gaɓar Ingila

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun da muka taɓo zancen yadda mutanen Ingila ke hutun lokacin zafi, takardu suke ta shigowa, kuma yawancinsu a kan abu guda ne: ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa bakin teku, wanda suke kira karaban. Don haka na gayyato wani dattijo ɗan asalin Yawuri, jikan masunta, da ya daɗe a ƙasar, kuma kusan kowace shekara yakan kai iyalinsa gaɓar Norfolk da ke gabashin Ingila. Baba Alhaji, sannu da zuwa.

Alhaji: Yauwa 'yata, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Bari in fara sallamar masu gajerun tambayoyi. Wani ɗalibi daga Damagaram yana son sanin asalin kalmar. Daga Farisanci take, kuma ma'anarta ayari, irin na fatake. Shi ya sa filin da ake ajiye su zan riƙa ce masa zango, don aikinsa ke nan. Wata baiwar Allah daga Kumasi kuma ta ce, shin iyali suna zaune a ciki ake jan su? A'a Hajiya, doka ta hana. Kowa yana cikin mota sai an isa. Kuma mai jan karaban ba ya wuce gudun mil 60 a awa a kan babbar hanya, wato wajen kilomita 96.

To ga wadda ta fi yawa. Mutum bakwai ne suka aiko ta, amma na zaɓi ta wani magidanci daga Gusau saboda yadda ya tsara ta. Ya ce: "Mutum yana da gida, da wuta, da ruwan famfo, sai ya kwashi mata da 'ya'ya ya cusa su a akwati, ya je ya zauna a sanyi yana jiran kifin da zai iya saya a kanti. Wannan hutu ne ko horo?" Malam, Allah ya bar mu da kai! Baba, ga ka ga shi.

Alhaji: Ai ni ma da farko haka na ce. Ka san mu a Yawuri su sana'a ce. Kakana in ya shiga kwalekwale da asuba, abincin gida ya fita nema, ba wasa ba. Sai na zo na tarar da mutum da fatsa mai tsada, ya yini, ya kama ɗaya, ya dube shi, ya mayar ruwa. Na ce wannan lafiyarsa kuwa? Amma abin ya daɗe a wurinsu. Tun 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki don yawon shaƙatawa kawai, dawakai ke ja. A 1907 har ƙungiya masu shi suka kafa, tana nan har gobe. Ni dawakan ma su suka fi ba ni sha'awa, domin dokin da zai ja irin wannan kaya...

Mai gabatarwa: Baba, a bar dawakan tukuna. Mutumin Gusau cewa ya yi hutu ne ko horo.

Alhaji: To, hutu ne. Bari in kwatanta masa. Akwai wani ɗan gari, Cromer, arewa da birnin Norwich, mutanensa ba su kai dubu goma ba. Ba shi da tashar jiragen ruwa, da tarakta masunta ke tura jiragensu daga kan yashi su shiga ruwa. Gefensa akwai ƙauyuka biyu masu suna Runton, da zangon karaban a saman tudu yana kallon teku. Can muke sauka. A cikin ɗakin akwai kujerun da ke zama gado da dare, da murhun gas, da ɗan firiji, da ɗan banɗaki wanda kai maigida kai za ka ɗauki tankinsa ka je ka zubar. Ruwa kuma a 'yar ganga ake gangaro shi daga famfon zango, aikin yara ke nan. Matsi kam akwai shi. Amma a gida fa? Ni ina fita aiki yara suna barci, in dawo kowa ya shige ɗakinsa da waya. A karaban babu ɗakin shigewa. Ƙaramin ɗana a can ya fara ba ni labarin abin da ke damunsa a makaranta, muna zaune kan gadar nan ta Cromer da ta miƙa cikin teku, kifi ya ƙi ci, babu abin yi sai hira. Shekara guda yana ɗauke da abin a ransa ban sani ba.

Mai gabatarwa: Kun ji ko? Bari in maimaita, domin masu wannan tambaya suna da yawa. Ba kifin ne ya kai su ba. Makarantu a Ingila suna rufewa wajen mako shida, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Iyali mai mutum biyar ko shida, ɗakunan otal da abincin saye za su karya shi. A karaban kuwa tukunyarka tana tare da kai, wanda ga Musulmi ba ƙaramin sauƙi ba ne a garin da samun naman halal ke da wuya. Sannan uba ya zauna da 'ya'yansa daga safe har dare. Ni a ganina nan ne magidantanmu ya kamata su tsaya su yi tunani. Malam na Gusau, yaushe rabonka da ka yini cur da yaranka ba biki ba, ba rasuwa ba? Ba sai ka amsa mini ba, uwargida tana ji.

Wani masunci daga Argungu ya ce wane irin kifi ake samu, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake neman izininsa?

Alhaji: Ɗan'uwana, kada ka sa ran giwan ruwa irin na Matan Fada. Wanda muka fi kamawa da zafi shi ne wanda kuke saye a daskare kuna ce masa Taitus. Garke-garke yake zuwa. Ba a ma sa masa tana, ƙugiyoyi ne a jere da 'yan gashin tsuntsu, ka jefa ka riƙa fizga, wani lokaci uku su hau tare. In ka gasa shi a ranar, wallahi ba za ka ce shi ne na kasuwa ba. Izini kuwa, a Ingila kamun fatsa a teku ba ya buƙatar lasisi, ban da kifin salmon da ɗan'uwansa. A kogi ko tafki ne dole ɗan shekara 13 zuwa sama ya mallaki lasisi. Amma akwai awo: kifin da suke kira bas, in bai kai santimita 42 ba, mayar da shi za ka yi. Da na fahimci wannan sai na daina yi wa mutumin nan dariya. Ai mu ma a gida ana rufe ruwa a bar kifi ya girma kafin a buɗe.

Mai gabatarwa: Wata uwa daga Garwa ta Kamaru ta ce ita tsoronta ruwa, yaya ake da yara? Wannan ku buɗe kunne, musamman 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai. Teku ba kogi ba ne. Sau biyu a yini yake cikowa, sau biyu yake janyewa, kusan awa shida tsakani, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50. Wata ne ke jan sa, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Inda gaɓa take shimfiɗe, ruwan yakan bi kwari ya zagayo ta bayanka, kana kallon gaba ya riga ya tare hanya. Ina sake faɗa: ta baya yake zuwa. A duba jadawalin cikowa kafin a taka yashi. In abu ya faru a kira 999 a nemi masu gadin gaɓa.

Alhaji: Kuma masu jiragen ceton da ake turawa teku yawancinsu 'yan sa-kai ne, ƙungiyarsu tun 1824 take. A Cromer ɗin akwai wani masuncin ƙaguwa, Henry Blogg, shekara 53 yana wannan aiki, shi da mutanensa suka ceci rai 873. Duk zuwa sai na nuna wa yara mutum-mutuminsa.

Mai gabatarwa: Tun da ka ambaci ƙaguwa, wani almajiri daga Zariya ya ce halal ce? A mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, Hanafawa kuwa kifi kaɗai suka yarda da shi, sauran bayani ka nemi malaminka.

Alhaji: Ƙananan da yara ke kamawa a bokiti ma ba a ci, mayarwa ake yi. Sai dai Turawa da naman alade suke jawo su, mu kan kifi muke ɗaurawa, kuma ya fi kamawa.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga mini hannu lokaci ya ƙure. Mai tambaya daga Abeche kan kuɗin sayen karaban, takardarka tana sama a mako mai zuwa. Baba Alhaji, mun gode, a gaida Hajiya da yara.

Alhaji: Za su ji. Allah ya yi albarka.